Baƙin Raleigh Da Ƙishirwar Da Samu Ba Ya Kashewa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, tambayar da nake so mu yi nazari a kanta yau ita ce: idan mutum ya daɗe yana begen wani abin duniya, sai ranar nan Allah Ya mallaka masa shi, shin yakan tarar da abin da ya yi ta hange a cikinsa? Ba da littafi zan amsa ba, da keke zan amsa, domin shi ne abin da na jarraba da kaina.

Wanda bai tashi a ƙasarmu kafin zuwan babura masu araha ba, da wuya ya fahimci matsayin keken Raleigh. A birnin Nottingham na ƙasar Ingila aka kafa kamfaninsa tun a shekarun 1880, daga baya har aka riƙa harhaɗa shi a Kano. Baƙi ne wuluk, da zanen ruwan zinariya a jikinsa, da tambarin kan tsuntsu mai dogon baki a goshinsa. Akwai Phoenix na ƙasar Sin, akwai Hero na Indiya, amma duk a bayansa suke. A Tambuwal ta ƙuruciyata, keke da rediyo da agogon hannu su ne shaidar cewa magidanci ya tsaya da ƙafafunsa. Malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti, kowa da nasa, an naɗe shi da robobi masu launi, an ɗaura masa madubi biyu. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabon Raleigh ya ƙara yi wa talaka nisa.

A gidanmu ba a taɓa mallakar irinsa ba. Wani malaminmu na firamare ne yake da shi, kuma mu yara har rige-rige muke yi wajen goge masa ƙura, ladanmu kawai a bar mu mu kaɗa ƙararrawa sau ɗaya. Tun daga lokacin na ƙudurce a raina cewa in Allah Ya ba ni iko sai na mallaki irinsa. Na girma, na hau babur, na shiga mota, amma wannan buri bai motsa daga inda yake ba.

A 2021 wani abokina ya ba ni labarin wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Kebbe da yake son rabuwa da nasa, wanda ya saya tun yana saurayi. Na tafi na same shi a zaurensa. Bayan mun gaisa, ya sa jikansa ya turo keken. Fentin ya dushe, fatar sirdin ta tsattsage, amma tambarin nan yana nan daram. Muka yi ciniki cikin mutunci, ya sallama. Ina shirin tafiya sai ya dafa sirdin ya ce, "Ɗana, wanga keke bai taɓa kunyata ni ba. Shi yak kai hatsina kasuwa, shi yak kai uwar ɗiyana asibiti da dare, shi yak kai ni wurin tafsiri azumi bayan azumi. Yanzu gwiwa ta ƙi. Kai mi za ka yi da shi?" Na ce, "Baba, sha'awa ce tun ta yarinta." Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah Shi sa ya amfane ka."

To, shin ya cika abin da na zata? Gaskiya ita ce ya cika rabi.

Ta fuskar ƙarfe, ban ga abin kushewa ba. Bayan mai gyaran keke ya wanke sarƙa, ya sa giris, ya canja taya da robar birki, sai ga keken da ya girme wa yawancin masu karanta wannan rubutu yana tafiya shiru kamar ruwa a kan kwaltar da ta ratsa Tambuwal daga Sakkwato zuwa Jega. Zamansa a miƙe yake, ba ya sa ciwon baya, kuma kariyarsa tana ɗaukar buhu ba ta lanƙwashe ba. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Amma akwai abubuwan da idon yaro ba ya gani daga nesa. Na farko, nauyi gare shi, kuma giya ɗaya ce tak, don haka da zarar ka bar kwalta ka faɗa rairayi sai ka sauka ka tura. Na biyu, birkinsa na sandar ƙarfe ne, idan damina ta jiƙa ƙafar sai ka matse ya ci gaba da tafiya abinsa. Na uku, tsidau bai san darajar Raleigh ba, yadda yake huda tayar kowane keke haka yake huda tasa. Na huɗu, kayan gyaransa na asali sun yi wuya, domin masana'antar Nottingham ta daina ƙera kekuna tun 2002, a 2012 kuma wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Accell ya saye sunan. Abin da za ka samu a kasuwa kwaikwayo ne, sai an yi dabara kafin ya zauna.

Duk waɗannan ƙanana ne. Babban abin shi ne wanda na ji a zuciyata bayan kamar mako biyu: shiru. Wutar da ta yi shekara fiye da talatin tana ci ta mutu, ba ta bar komai a gurbinta ba. Na ratsa gari a kansa, babu yaron da ya biyo ni, domin idon yaran yanzu yana kan babur da wayar hannu. Malamin nan namu ya rasu. Abokan da muke rige-rigen goge ƙura da su sun watse, wasu suna Legas, wasu suna ƙarƙashin ƙasa. A nan na fahimci cewa abin da yaron nan yake so ba ƙarfe ba ne. Yana son girman da ya ga ana ba mai keken, yana son ranar da zai shigo gida a kansa mahaifinsa ya gani. Waɗannan kuwa ba a sayar da su a zauren kowa.

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kashe maƙudan kuɗi wajen farautar tsofaffin kekunan hawan dutse, irin waɗanda aka faro a tsaunukan Kalifoniya a shekarun 1970, aka fara ƙera su da yawa da fitowar Stumpjumper a 1981. Mutum ya gan shi a mujalla yana yaro, ya saye shi yana da furfura, sai ya tarar kansa siriri ne, birkinsa bai kai na zamani ba, ga shi babu abin da ke shanye gargada. Keken bai canja ba. Mahayin ne ya canja, zamani kuma ya wuce.

Ya 'yan'uwa, addininmu bai hana son abu mai kyau ba. Abin hawa nagari yana cikin abubuwan da Manzon Allah (SAW) ya lissafa a cikin jin daɗin rayuwa, shi kansa kuma yana da ababen hawa da aka san su da sunayensu, kamar taguwarsa Ƙaswa da alfadarinsa Duldul. Amma ku dubi ƙissar taguwarsa Adba'u, wadda Imamul Bukhari ya ruwaito. Ba a taɓa tsere mata ba, sai ranar nan wani Balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi, sai Annabi (SAW) ya nusar da su cewa sunnar Allah ce duk abin duniya da ya ɗaukaka wata rana sai ya sauko. Idan haka ta faru da taguwar fiyayyen halitta, ina ga keke, ina ga waya, ina ga mota? Haka kuma a aya ta 20 cikin Suratul Hadid, Allah (SWT) Ya kwatanta rayuwar duniya da shukar da ruwan sama ya raya ta burge manomi, sannan ta bushe ta zama karmami. Duk wanda ya ga gonar gero a watan Agusta, ya koma ya gan ta a watan Maris, ba ya buƙatar dogon sharhi.

Ko tarihin garinmu ya isa darasi. Tambuwal ribaɗi ce a zamanin Daular Usmaniyya, mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. A gari irin wannan, darajar doki tana ga aikin da aka ɗaure shi dominsa, na tsaron iyaka da kare jama'a, ba ga adon sirdinsa ba. Da wannan ma'aunin dattijon Kebbe ya auna kekensa. Da ya tashi yabonsa bai ambaci suna ko fenti ba, wuraren da ya kai shi ya lissafa: kasuwa, asibiti, majalisin tafsiri. Shi ya sa keken bai taɓa kunyata shi ba, domin bai nemi wani abu a wurinsa ba face abin da keke zai iya bayarwa.

Wannan shi ne abin da nake jiye wa matasanmu. Kowannenmu yana da nasa Raleigh. Wani waya ce da yake kwana yana kallon hotonta a intanet, wani babur ne, wani kujerar mulki ce, wani fita ƙasar waje. Saboda irin wannan buri wani ya ci bashin da ya hana shi barci, wani ya sayar da gonar gado, wani ya taɓa amanar da aka ba shi, alhali daɗin samun ba ya wuce 'yan kwanaki, hisabin kuwa yana nan yana jira. Shawarata, kafin ka miƙa kuɗinka ko mutuncinka, ka yi wa kanka tambayoyi uku. Ina wannan abu zai kai ni? Da babu wanda zai gan ni da shi, zan so shi haka? Ta hanyar da zan same shi, zan iya tsayawa gaban Allah in yi bayani? Abin da ya tsallake waɗannan uku, saye shi ka gode wa Allah. Wanda ya faɗi a ta biyu, ka sani idon mutane kake saye, shi kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

Keken yana nan, ban sayar ba, ban kuma jingine shi don ado ba. Wani ɗan ƙanena da makarantarsa take da nisa shi ke hawansa da safe, da yamma ya kai shi Islamiyya, ranar da babu karatu a ɗauko masa ciyawar awaki. Tun da ya koma bakin aiki na ga ya fi kyau a idona.

Allah Ya azurta mu da wadatar zuci, Ya sanya duniya a hannunmu, kada Ya sanya ta a zukatanmu. Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.