Kwali mai ɗauke da sunan ƙasa

Duk wanda ya yi sakandare a yankinmu na Kusada da Kankiya ya san ranar muhawara. A jera benci biyu, malamai uku su zauna alƙalanci, a ce yau tsakanin manomi da likita wa ya fi amfani, ko kuwa zaman birni da na ƙauye. Yaro ya haddace doguwar gaisuwar Turanci, ya zuba hujjojinsa, a kaɗa ƙararrawa, a tafa. Daga nan a ce wannan ɓangare ya ci, wancan ya faɗi. Ina ƙaunar wannan al'ada, domin ta buɗe bakin yara da yawa. Sai dai akwai wani zama na ɗalibai da har yanzu bai kankama a ƙauyukanmu ba, wato kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma abin da ya fi jan hankalina a cikinsa ɗan ƙaramin abu ne: kwalin da ake ajiyewa a gaban kowane ɗalibi.

Kwali ne kawai da aka naɗe biyu, aka rubuta sunan ƙasa a kai, Masar ko Brazil ko Indiya. Galibi ba kai ke zaɓar ƙasar ba, ba ka ake yi. Daga sa'ar da aka ajiye maka shi, ra'ayinka ya tafi hutu. Ba ka magana sai ka ɗaga kwalin shugaban zama ya ba ka izini, kuma minti ɗaya ko ɗaya da rabi za a ba ka. Ba ka cewa ni ina ganin kaza, sai dai wakilin ƙasa kaza yana ganin kaza. Kafin ranar kuwa dole ka zauna ka binciko abin da ƙasar take ci, da wanda take tsoro, da wanda take bi bashi. Can tsakiyar zama a ba da dama kowa ya tashi, a shiga ƙus-ƙus a lungu, ana neman masu sa hannu a daftarin ƙuduri. Nan ne wanda ya iya hayaniya kaɗai yake gane cewa ba shi da kowa. Wanda ya iya saurare, ya sassauta a wannan saɗara don a bar masa waccan, shi ke tara ƙuri'a.

Bahaushe bai kamata ya ga wannan a matsayin baƙon abu ba. A wurin ɗaurin aure, wakilin ango ba don kansa yake magana ba. Ko sadakin bai yi masa ba, abin da aka aiko shi da shi zai faɗa, cikin ladabi, a gaban shaidu.

Ɗaliban jami'o'in Birtaniya da Amurka ne suka soma irin wannan zama tun shekarun 1920, suna kwaikwayon tsohuwar majalisar ƙasashe da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Farko. Taron da ake yi a birnin Hague na ƙasar Holan ya faro ne a 1968, kuma yau dubban 'yan sakandare ke zuwa. A Najeriya ma ana yi, musamman a Abuja da Legas, amma yawanci a manyan ɗakunan taro, da kuɗin rajista, da kwat da takalmi sau-ciki. Shi ya sa ɗan ƙauye irin Kaikai ko a labari bai cika jin sa ba.

Wannan yana damuna, domin mu ne siyasar ƙasashe take taɓawa kai tsaye. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar. Manyan motoci suka yi layi a Jibiya, ciniki tsakanin Katsina da Maraɗi ya tsaya, 'yan uwa na jini suka koma bi ta daji don gaisuwar mutuwa. Sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Tun farkon rikicin Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ma ta je ta gana da Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin. A teburin mai shayi kowa ya ɗauki ɓangare, ana ta kumfar baki bayan an saurari BBC da DW. Abin da ban ji ba shi ne wani ya ce, bari in zama Benin na ɗan lokaci, in ga me ya sa tashar jiragen ruwan Kwatano ta dame ta.

Kuma muna da magabata a wannan fage. Ranar 7 ga Oktoban 1960 Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya ya yi jawabi a zaurenta. Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya wakilce mu a can, har ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, mutumin Zagga a Jihar Kebbi, shi ya shugabanci Babban Zauren mai ƙasashe 193 daga 2019 zuwa 2020. Amina Mohammed tana riƙe da kujerar mataimakiyar babban sakatare tun 2017. Yarinyar da ke aji biyar a Kusada ya dace ta san wannan.

To me zai hana mu yi namu? Kwalin sabulu ko na taliya yana nan a kowane shago, alli yana nan a aji. A ɗauki Kwamitin Sulhu mai kujeru 15, biyar daga ciki masu ikon hawa kujerar na-ƙi: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Ranar da yara 14 suka ɗaga kwalinsu, guda ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya ce bai yarda ba, ƙudurin ya mutu a gabansu, za su fahimci abin da shekara guda ta karatun allo ba za ta koya musu ba. Batun tattaunawa kuma ba sai an je nesa ba: kwararowar hamada, safarar makamai a Sahel, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Ni a ganina a fara da Hausa, yaro ya iya tsara hujja da harshen da yake tunani da shi, Turancin ya biyo baya.

Ina kira ga shugabannin makarantu da malaman darasin gwamnati da na tarihi a Kaikai da Kusada da Kankiya: a zangon karatu mai zuwa, ku ware ranar muhawara guda ɗaya ku gwada wannan zama, kuma ku tabbata 'yan mata sun samu rabin kujerun.