Sumida, Unguwar da Ke Shirin Gobarar da Ba Ta Tashi Ba

A gabashin birnin Tokyo, hayin kogin Sumida, akwai wani ɗan lambu mai suna Yokoamicho. A nan ne, ranar 1 ga Satumban 1923, jama'a suka taru da katifunsu da ƙullin kayansu, suna gudun wutar da ta biyo bayan girgizar ƙasa. Girgizar ta zo gab da tsakar rana, tukwane na kan murhu. Guguwar wuta ta rutsa da su, ta hallaka kimanin mutum 38,000 a wannan fili kaɗai. Daga cikin mutum kusan 105,000 da suka rasu gaba ɗaya, gobara ce ta ci mafi yawansu.

Shi ya sa har yau wuta ce ke hana Sumida barci, fiye da rushewar gini.

Can arewa, a Shirahige, hukuma ta jera dogayen gidajen haya kafaɗa da kafaɗa, tsawon fiye da kilomita ɗaya. Baƙo zai ɗauka gidajen kwana ne kawai, ga shanya a baranda, ga kekuna a ƙasa. Alhali katanga ce ta tare wuta. Akwai ƙofofin ƙarfe da za a rufe tsakanin gine-ginen, a bayansu kuma ga filin mafaka a bakin kogi. Kyau dai babu, amma ba don ado aka yi su ba.

Sauran shirin sai an nuna maka. Wasu kujerun lambu, idan ka ɗaga katakon zama, murhun girki ne. Wasu murafun ƙarfe da kake takawa, bakin masai ne da za a kafa wa tanti ranar da ruwan famfo ya ɗauke. Mitar gas ta gida da kanta take toshewa in ƙasa ta motsa da ƙarfi. A cibiyar 'yan kwana-kwana ta Honjo kuwa, akwai ɗakin da ake jijjigawa da inji, inda 'yan makaranta ke koyon faɗuwa ƙasa su kare kawunansu.

An tsaurara dokar gini a 1981. Bayan girgizar 2011, lokacin da jiragen ƙasa suka tsaya, mutum kusan miliyan 5 suka kasa komawa gida, hukumar birnin ta nemi kamfanoni su tanadi abinci da ruwan kwana 3 don ma'aikatansu. Masanan gwamnati sun ce akwai yiwuwar kashi 70 cikin ɗari babbar girgiza ta afka wa yankin cikin shekara 30.

Sai dai da sauran rina a kaba. A Kyojima, tsofaffin gidajen katako na nan cunkushe, lungunansu motar kashe gobara ba ta shiga. Faɗaɗa hanya na nufin sayen fili gida-gida daga hannun dattawan da ba su da niyyar tashi, shi ya sa aikin ke tafiyar hawainiya.