Daga Littafi Zuwa Fili: Gyare-gyaren Dokokin Wasan Tsintsiya

Sanannen abu ne ga ɗaliban adabi cewa marubucin ƙagaggen labari yakan ɗebo kayan aikinsa daga rayuwar jama'a, ya sarrafa su, ya mayar da su labari. Abin da ba a cika gani ba shi ne al'amarin ya juya, watau jama'a su ɗauko wani abu daga cikin labarin da aka ƙaga, su ce sai sun aikata shi a zahiri. Wannan 'yar maƙala za ta duba misali guda ne na irin wannan: wani wasa da aka haifa a cikin littafi, sa'an nan ya fito fili, da kuma faman da masu yinsa suka yi ta sha da dokokinsa tun daga ran da ya fito.

A shekarar 1997 wata marubuciya ta ƙasar Birtaniya, J. K. Rowling, ta fitar da littafin farko na jerin labaran Harry Potter, wani yaro maraya da aka kai makarantar koyon sihiri. A wannan makaranta akwai wasan da ɗalibai ke yi a sararin sama, kowa bisa tsintsiya mai dogon mariƙi, sunansa Quidditch. Kowane ɓangare mutum bakwai ne. Uku su ne masu ci, aikinsu jefa ƙwallo cikin ɗaya daga zobba uku da aka kafa bisa dogayen sanduna, kuma kowane ci maki 10 ne. Ɗaya yana tsaron zobban. Biyu suna riƙe da kulake, suna kaɗa waɗansu baƙaƙen ƙwallaye biyu masu tashi da kansu zuwa kan abokan karawa. Na bakwai shi ne manemi, wanda ba ruwansa da duk wannan hayaniya, idonsa na kan wata 'yar zinariya mai fukafukai, wadda ba ta wuce girman goro ba. Duk manemin da ya cafke ta ya samo wa ɓangarensa maki 150, kuma nan take wasa ya ƙare. In ba a kama ta ba kuwa, ba a tashi. Littafin ma ya ce an taɓa yin wasan da ya kai wata uku.

To, mai karatu ya lissafa da kansa. Maki 150 daidai yake da ci 15. Ke nan mutum goma sha biyu suna ta gumurzu, ana faɗuwa, ana karaya, amma galibi wahalarsu ba ta yanke kome, sai abin da mutum biyu suka yi a can gefe. Wanda ya dubi wannan da idon ɗan wasa zai ce dokar ba ta yi ba. Amma wanda ya dube ta da idon mai nazarin adabi zai ga ta yi aikinta sarai, domin tauraron labarin shi ne manemi. Marubuci yana bukatar dukan filin ya tattaru a hannun mutum guda, a lokaci guda, ta yadda zuciyar mai karatu za ta tsinke sa'an nan ta kwanta. A wasansa na farko sauran kaɗan yaron ya haɗiye 'yar zinariyar, aka tashi 170 da 60. Watau in da ba don shi ba, da ɓangarensa na da 20 kacal. Ita ma marubuciyar da alama ta san inda gizo ke saƙar, domin a littafi na huɗu, wanda ya fito a 2000, ta tsara wasan ƙarshe na kofin duniya inda manemin Bulgeriya ya yi kamun, amma duk da haka Ayalan ta ci da 170 da 160. Sai dai wannan togaciya ce wadda aka shirya don ba da mamaki, kuma ba ta ba da mamaki ba sai don an san abin ba ya faruwa.

A 2005 ne waɗansu ɗalibai na Kwalejin Middlebury da ke jihar Vermont ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Xander Manshel da Alex Benepe, suka sauko da wasan ƙasa. A 2007 suka kara da Kwalejin Vassar, daga nan abu ya bazu a jami'o'i, har ya kai ga ƙasashe sun haɗu a Oxford ta Ingila a 2012. Tun da ba mai iya tashi sama, kuma ba ƙwallon da ke yawo da kansa, sai aka nemi madadin kowane abu. Ƙwallon ci ya zama ƙwallon raga da aka ɗan sace wa iska don ya kamu da hannu guda. Aka ajiye kulake, aka kawo ƙwallayen roba masu taushi waɗanda ake jifa da su. Wanda aka samu sai ya saki abin da ke hannunsa, ya sauka daga tsintsiya, ya ruga ya taɓo zobban gidansu kafin ya komo. Aka kuma mayar da su uku maimakon biyu, don kada ɓangare guda ya kwashe duka ya bar ɗayan hannu rabbana. Wannan ɗan ƙarin shi kaɗai ya isa ya nuna bambancin mai tsara labari da mai tsara wasa: na biyun dole ya yi tunanin wanda aka fi ƙarfi.

Tsintsiyar fa? Ita ce abin da 'yan kallo suka fi yi wa dariya, domin ba abin da ya kai ƙato yana gudu da sanda a tsakanin ƙafafu ban dariya. Amma wanda ya taso yana ganin langa bai kamata abin ya zame masa baƙo ba. Ɗan langa da gangan yake riƙe ƙafarsa guda ya yi ta tsalle da ɗaya, in ya saki kuwa ya fita, kuma wannan takurawar ita ce wasan; in aka ce kowa ya sauke ƙafa, to, ture-ture ne kawai ya rage. Haka sandar nan take. Tana cinye wa ɗan wasa hannu guda ko ta tilasta masa matse cinya, ta rage masa gudu, ta sa kamun ƙwallo ya zama gwaninta. A sama tsintsiya abin hawa ce mai ƙara wa mutum iko, a ƙasa kuwa ta koma dabaibayi. Da tafiya ta yi tafiya aka daina amfani da tsintsiyar gaske saboda tana karyewa tana ji wa mutane ciwo, aka koma ga ɗan bututun roba.

Inda aka fi shan wuya shi ne wajen 'yar zinariya. Dabarar da aka yi ita ce a sa ƙwallon tanis cikin safa, a maƙala a bayan wandon wani mutum mai rawayen tufafi wanda ba ya cikin kowane ɓangare, manema su yi ƙoƙarin fizge safar, shi kuwa ya yi ta zillewa, yana ture su, yana kayarwa. Aka kuma rage makin daga 150 zuwa 30, watau daga ci 15 zuwa ci 3. A shekarun farko wannan mutum yana da izinin barin fili ya shiga cikin makaranta ya ɓuya, manema su bi shi, 'yan kallo ba su san abin da ake ciki ba sai sun ga wani ya ɓullo da safa a hannu. Abin da daɗin ji, kuma ya yi kama da ruhun littafin, amma wane alƙalin wasa ne zai yi hukunci a kan abin da ya faru a bayan ɗakin karatu? Saboda haka aka hana fita. Sa'an nan aka ga kamu yakan zo da wuri, wasa ya ƙare kafin jiki ya yi ɗumi, sai aka ce ba za a saki manema ba sai bayan minti 18, daga baya aka mayar da shi 20.

Duk da haka ragowar cutar na nan, domin kamun shi ne ke rufe wasa. A ɗauka an ba wani ɓangare ratar maki 50. In maneminsa ya yi kamu, ya kashe gidansu da hannunsa, tun da 30 ba za ta cike ratar ba. To, me zai yi? Sai ya juya ya zama mai gadin mutumin da aka turo shi ya kama, ya tsaya tsakaninsa da ɗaya manemin, yana jan lokaci ko abokansa sa rage bashi. Doka ce ta sa ɗan wasa yin kishiyar aikinsa. Har ila yau, da zarar an saki manema sai masu jifa su tattara hankalinsu can, a bar masu ci suna wasansu kamar ba da su ake yi ba. Ga shi an rage makin har sau biyar, amma inuwar tauraron littafi ba ta bar filin ba.

Hanya biyu aka bi don magance wannan. Ƙungiyar wasan ta duniya, a littafin dokokinta na 2020, ta ce kamu maki 30 ne, in ya sa mai kamun ya wuce gaba, wasa ya ƙare. In kuwa bai wuce ba, sai a ƙara 30 bisa makin ɗaya ɓangaren, a ce ga iyaka nan, wanda ya riga kai wa ya ci. Ta haka wanda ke baya ba shi da sauran dalilin ƙin kamu. A Amurka kuwa aka zarce haka. Gasar manyan birane da aka kafa a 2015 ta fito da tsarin da in an cika minti 20 sai a dubi makin na gaba a ɗora masa 60, wannan ita ce iyaka. Kamu yana da maki 35, amma ba shi ke rufe wasa ba, taimako ne kawai wajen isa iyakar. Wannan ya yi kama da wani tsari da aka gwada a ƙwallon kwando, har aka yi amfani da shi a wasan taurarin Amurka na 2020, inda ake kashe agogo a ƙarshe a sa maki ya zama iyaka.

Wanne ya fi? Tsarin Amurka ya fi adalci a lissafi, ba shakka, domin kusan kullum wanda ya fi iya wasa shi zai ci. Amma adalci ba shi kaɗai ake nema a fili ba. A tuna da wasan ƙarshe na kofin duniya a birnin Frankfurt na Jamus a 2016. Amurka, wadda ta ƙago wasan kuma ba a taɓa raba ta da kofin ba, tana da 130, Ostareliya na da 120, sai manemin Ostareliya ya fizge safa, aka tashi 150 da 130. Ba wanda zai ce an yi wa Amurka fashi, domin sai da Ostareliya ta jure ta riƙe ratar ci ɗaya tak kafin kamun ya yi mata rana. Guminsu bakwai ne ya sayi wannan damar. A tsarin iyaka irin na Amurka da kamun ya wuce an ci gaba da wasa, kuma wa ya san yadda za ta kaya? Abin da littafin ya ba wasan wanda ƙwallon ƙafa da na kwando ba su da shi, shi ne wannan ƙiftawar ido da kome ke iya juyewa. Ga alama tsarin ƙungiyar duniya ya fi dacewa, domin ya cire dalilin ƙin kamu, ya kuma bar wa kamun haƙoransa in wasa ya yi kankankan.

Akwai kuma matsalar da ba lissafin maki da zai warware ta, watau kasancewar ƙwallon mutum ne. Ƙwallon ƙafa iri ɗaya ne ko'ina, amma masu ɗaukar safa sun bambanta: wani ɗan kokawa ne, wani mai gudu, wani ya gaji tun wasan safe. Mutum kuma, kome gaskiyarsa, yana iya sakin jiki da manemi guda fiye da ɗaya ba da saninsa ba. An yi ƙoƙari, an sa shi cikin sahun alƙalai, an ba shi horo, an kuma tsara cewa in lokaci ya ja ba a kama shi ba sai a riƙa ƙuntata masa, a tsare shi kusa da layin tsakiya, can kuma a ce ya yi aiki da hannu ɗaya. Waɗannan duk rage zafi ne. Muddin ana son abin kamu mai dabara da wayo kamar na littafi, sai an haƙura da cewa ɗan Adam ne zai ɗauke shi.

Wata doka kuma ba daga matsalar fili ta taso ba, daga ra'ayin 'yan wasan ta fito. A littafi maza da mata tare suke wasa, amma ba abin da ya tilasta haka. A zahiri sai aka rubuta cewa kada ɓangare ya sa fiye da mutum huɗu 'yan jinsi guda a fili lokaci ɗaya, don gudun kada ƙungiyoyi su cika fili da ƙarti su bar mata a benci.

Gyara mafi girma ya zo ne a kan suna. A watan Disamba na 2021 ƙungiyoyin Amurka suka sanar za su bar sunan Quidditch, a Yuli 2022 kuma aka bayyana sabon suna, Quadball, ƙungiyar duniya ma ta bi. Dalili biyu suka bayar. Na farko, sunan mallakar kamfanin fim na Warner Bros. ne, kuma hakan yana toshe wa wasan hanyar samun masu ɗaukar nauyi da masu nuna shi a talabijin. Na biyu, suna son nisanta kansu daga kalaman da marubuciyar ta yi game da masu sauya jinsi, waɗanda da yawa daga cikin 'yan wasan ba su yarda da su ba. Tare da sunan aka sauya sunayen kayan wasa, 'yar zinariya ta koma tuta, mai ɗaukarta ya zama mai gudu da tuta. Sai dai wannan ma da tsadarsa. Yawancin waɗanda suka taɓa shiga wasan littafin ne ya jawo su fili, kuma ƙungiyar da ke neman sababbin ɗalibai a farkon zango yanzu sai ta yi dogon bayani kafin a gane abin da take kira. Sau da yawa bayanin yakan ƙare ne da ambaton tsohon sunan da aka ce an bari, sa'an nan a miƙa wa baƙon bututun roba a ce ya hau.