Kantina da Littafin Bashi

Sa'ad da malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki a watan Fabrairun 2022, ina aji ɗaya ne a Sashen Hausa. Muka tattara komatsanmu muka koma gida, muna zaton abin mako huɗu ne, ashe sai mun share wata takwas. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya. Ni kuwa tun ina ƙarama idona ya ke kan tufafi. Ko a gidan biki, kafin in gane fuskar mace na riga na gane ɗinkinta. Saboda haka na roƙi Umma ta ba ni aron kuɗin adashin da ta kwasa, Naira 200,000, in buɗe ɗan kantin kayan mata a shagon ƙofar gidanmu, irin wanda 'yan zamani su ke kira butik. Baba bai hana ba. Abin da ya ce kawai shi ne ranar da na faɗi jarrabawa, ranar zai sa wa shagon kwaɗo.

Yadda na ke yi shi ne in shiga Kantin Kwari in saro atamfa da leshi da mayafai, in kai wa teloli biyu su ɗinka mini dogayen riguna da riga da zane, in goge in rataye. Turmi ɗaya yadi shida ne, in tela ya iya yanka sai a sami riga da ɗankwali har da saura. A Kwari na koyi goga farin ƙyalle mai danshi a jikin atamfa don in ga ko tana zuba. A can ne kuma wani dattijo ya ba ni labarin zamanin da masaƙun Kaduna su ke cika kasuwar da kaya. Yanzu kuwa galibin atamfar da talaka ya ke iya saye daga ƙasar Sin ta ke zuwa. Teloli ma na gane lagonsu da wuri: kayan ƙaramar Salla tun cikin Sha'aban na ke kai su, rabin kuɗin ɗinki kuma sai na ga aiki a hannuna.

To, jama'a, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya kusa karya ni bashi ne, kuma ba na baƙi ba, na dangi da ƙawaye. Baƙuwa ta taya ta biya ta tafi. 'Yar'uwa kuwa sai ta gwada riga, ta juya a gaban madubi, ta ce, "Rubuta, ƙarshen wata." Ni ma sai in rubuta, ina murmushi, cikina yana ƙuna. Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sai bashin ya sami sabon suna, wato "zan turo miki in na je gida". Bayan an janye tallafin mai a watan Mayun shekarar, darajar Naira kuma ta faɗi, sai na ga wani lissafi da ban taɓa lura da shi ba. Wadda ta ɗauki kaya a kan kuɗin turmi biyu, in ta biya bayan wata shida, abin da ta kawo ba zai sake saro turmi biyun ba. Ta biya cif, amma ni na yi asara.

Mafi girma a littafin nan shafin Gwaggo ne, ƙanwar Baba, wadda ta ɗebi kaya kala shida don bikin 'yarta. Shekara ta zagayo ba ta ce uffan ba. A lokacin kuwa a aji muna nazarin kunya da kara cikin ɗabi'un Bahaushe, na rubuta jinga mai kyau a kansu har malam ya yaba. Da dare na buɗe ɗaya littafin, na ga karar da na ke yi wa mutane da kuɗin adashin Umma na ke yin ta, ba da nawa ba.

Ran wata Juma'a na yi ta maza na tafi gidanta. Na durƙusa na gaishe ta, muka taɓa hira, sa'an nan na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, dama a kan 'yan kayan nan ne na bikin Yaya."

Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Au, 'yar nan, ashe rubutawa kika yi?"

Na ce, "Kuɗin Umma ne, Gwaggo."

Ta shiga ɗaki ta ƙirgo rabi ta ajiye a gabana, ba ta miƙo mini a hannu ba. Wata huɗu ba ta taka gidanmu ba. Umma da na yi abin dominta ita ta fi kowa yi mini faɗa, wai na zubar mata da mutunci a dangin miji. Baba dai bai ce kome ba, amma washegari na ga ya tsaya a ƙofar shagon ya ɗan jima yana duban rigunan da ke rataye.

Bana ina ajin ƙarshe, ƙanwata ke zama a kantin in ina makaranta, kuma na gama biyan Umma tun bara. Na daina ba da bashi sai ga wadda ta ajiye rabi. Wasu ƙawaye sun ɗauke ƙafa, suna cewa boko da kasuwa sun busar mini da ido. Gwaggo ta dawo zuwa, har ta kawo mini wata maƙwabciyarta da ta sayi mayafai uku kuɗi hannu. Sauran rabin nan yana nan a shafinta. Sau biyu ina ɗaukar biro in soke shi, sai in mayar da littafin cikin durowa.