Mutum Uku Na Farko

Tun da na kammala digirina a fannin harhaɗa magunguna, lissafi guda ya ƙi barin raina: uku da uku. Da shi aka saba fara gwada sabon maganin sankara a jikin ɗan Adam. Ana ba mutum uku awo kaɗan. Idan babu wanda ya jigata, a ƙara awon ga wasu ukun. Idan ɗaya ya jigata, a ƙaro uku a kan awon nan. Manufar wannan mataki ita ce gano iyakar abin da jiki zai ɗauka, kuma galibin masu shiga cutarsu ta riga ta bazu, sauran magunguna sun gaza.

Labarin ƙasar Sin ne ya nuna mini nauyin al'amarin. Kusan rabin Sinawa masu nau'in sankarar huhu mafi yawa suna ɗauke da sauyi a ƙwayar halittar EGFR, alhali a Turawa kashi 10 zuwa 15 ne cikin 100. A 2009, binciken IPASS, ƙarƙashin Farfesa Tony Mok na Hong Kong, ya nuna cewa gefitinib ya fi kemoterapi jinkirta cutar ga masu wannan sauyi, ga marasa shi kuwa akasin haka. A 2011 Sin ta amince da icotinib, ƙirar wani kamfani na Hangzhou. Kowane ɗayansu sai da wani majiyyaci ya fara haɗiyarsa kafin a san awonsa.

Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa sa hannun irin wannan majiyyaci a takardar amincewa ba ya gamsar da ni, sai in an faɗa masa ƙarara cewa awon da zai sha wataƙila bai kai ya amfane shi ba.

Haƙƙinsa na biyu shi ne a rubuta gaskiya. A 2015 hukumar magunguna ta Sin ta umarci kamfanoni su sake tantance bayanan gwaji na takardun neman izini 1,622, aka janye mafi yawansu. Duk sakamakon da aka gurɓata, wahalar wani mai jinya ce aka zubar a banza. Idan Allah Ya ƙaddara na yi aiki a ɗakin gwaji, da waɗannan haƙƙoƙi biyu zan riƙa auna kaina.