Ƙara da Kara: Ranar da Muka Sa wa Motar Baba Wufa

A gidanmu na Aboabo, nan Kumasi, babu ɗakin da ake jin Hausa zalla kamar cikin motar Baba. A tsakar gida harshe uku ake cuɗawa: a fara zance da Hausa, a ratsa ta Turanci, a ƙare da Tuwi, wanda dattawanmu ke kira Tonanci. Amma da zarar an rufe ƙofar motar nan, Corolla ƙirar 2007 da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Amurka, to an shiga wata ƙasa. Ko dai Zuria FM ce ke magana, ko tsohon wa'azi, ko kalangun Mamman Shata, ko kotson Ɗanƙwairo. A kujerar baya muka ƙarasa koyon Hausar da makaranta ba ta koya mana ba, kuma nan muke tura 'ya'yanmu duk lokacin da Baba zai fita.

Bara muka lura da abu biyu a lokaci guda. Lasifikokin ƙofa sun fara zuza kamar an tsare ƙudan zuma a gwangwani, domin takardarsu ta yage, soson da ke kewaye da ita kuma zafi da damina sun cinye shi. Sannan Baba, wanda ya haura saba'in, ya yawaita tambayar "Me ya ce?" Ba mu so mu kalli abu na biyun ba, sai muka ɗora laifin duka a kan na farko. Mu uku muka haɗa kuɗi. Autanmu, wanda ke ganin mota ba ta cika mota ba sai gilashinta na rawa, ya dage sai an haɗa da amfilifaya da wufa. Muka bi shi, saboda a zatonmu abin da kunnen tsoho ke bukata shi ne ƙarin ƙara.

Ranar Talata muka kai ta Suame Magazine, inda in akwai abin da hannun mutum zai iya yi wa mota, to ana yin sa. Mai haɗa wayoyin, wanda yaransa ke kira Masta, Batone ne, amma babban yaronsa ɗan Asawase ne, da shi muka yi ciniki da Hausa. Ya nuna mana wani akwati da aka rubuta wat 3000 a jikinsa da manyan haruffa, ya yi dariya, ya ce wannan lambar ta talla ce, a nemi ƙaramar da aka rubuta RMS a gabanta, ita ce ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ba tare da ta shaƙe ba. Rediyon da kamfani ke sa wa irin wannan mota da wuya ya wuce wat 15 zuwa 20 a kowace lasifika. Muka ɗauki lasifikokin ƙofa masu faɗin inci 6.5, da amfilifaya, da wufa mai inci 12 a cikin akwatin katako.

Mun tsaya mun ga aikin, kuma ya cancanci kallo. Suka jawo wata waya mai kaurin yatsa daga batir, suka sa mata fis tun ba ta yi nisan kamu biyu da batirin ba. Masta ya ce fis ɗin nan motar yake tsarewa: in wayar ta goge da ƙarfe a ƙarƙashin kafet babu fis kusa, wuta ce. Suka bi da wayar wuta ta gefe ɗaya na motar, wayoyin sauti ta ɗaya gefen, don kada kukan dainamo ya shiga lasifika ya riƙa tashi da sauka tare da totur. Suka kankare fenti a cikin but har ƙarfe ya fito fes, suka ɗaure gajeruwar wayar ƙasa a nan. Da suka gwada da wata waƙar zamani, lambar motar ta baya ta kama kaɗawa, yaran gareji suka yi shewa. Muka biya muna murmushi.

Washegari bayan la'asar muka zaunar da Baba a gaba, muka sa masa Shata. Ya yi shiru na kusan minti biyu, hannunsa a kan gwiwa. Sannan ya ce, "Yara, makaɗan dai ga su nan har cikin haƙarƙarina. Shi Alhajin ina kuka kai shi?"

Ba mu gama haɗiye wannan ba muka yi kuskure na biyu. Muka shigo layinmu gilashi a sauke, but na dukan ƙasa, mun manta da rumfar da aka kafa a ƙofar gidan da aka yi rasuwa kwana uku da suka wuce. Mutane na zaune kan tabarmi ana addu'a. Babu wanda ya ɗaga murya. Wani dattijo abokin Baba ya bi motar da ido kawai, da dare kuma ya aiko a gaya mana cewa ya ji mun ƙaro ƙara, yana fatan ba da kara muka biya kuɗinta ba. Baba bai ce mana komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Dole mu faɗi wani abu game da wannan, don ba autanmu kaɗai ke da laifi ba. Kumasi gari ne mai son sauti. Ranar Asabar lasifikokin makoki na maƙwabtanmu kan cika unguwa guda, ranar Lahadi majami'u su karɓa, mu ma da asuba ba a raina hon ɗin masallatanmu. Wanda ya tashi a matsayin 'yan tsiraru a irin wannan gari yakan ji wani daɗi idan kiɗan gidansu ya rinjayi na titi ko da na minti ɗaya ne. Mun ji wannan daɗin a hanyar dawowa daga Suame, ba za mu yi musu ba. Sai dai kakanninmu da suka zo fataucin goro suka zauna, har suka tsallake korar baƙi ta 1969, ba da ɗaga murya suka riƙe zangon nan ba.

Muka koma wurin Masta da ƙorafi. Bai yi mamaki ba. Ya ce mun sayi kaya masu kyau, amma an saita su don irin waƙar da yaransa ke ji. Bayaninsa, wanda yaron nasa ya riƙa juya mana, shi ne darasin da ya fi kuɗin da muka kashe. Kunnen mutum mai lafiya yana kama sauti daga Hz 20 zuwa 20,000. Wufa aikinta yana can ƙasa, daga wajen Hz 80 zuwa ƙasa, inda sauti ya fi zama abin da ƙirji ke ji. Abin da ke bambanta kalma da kalma kuwa yana sama, galibi tsakanin Hz 1,000 da 4,000, kuma daga saman ne tsufa ke fara cin kunne. Wato mun ƙara wa Baba abin da yake ji da ma, mun binne masa wanda yake nema. Ga shi kuma waƙoƙin nasa daga tsofaffin kaset aka juyo su zuwa memori, wasu sun bi ta WhatsApp sau da yawa. A can ƙasan da wufa ke aiki babu abin kirki a cikinsu sai gunjin na'urar da aka ɗauke su da ita. Kalangu ganga ce mai magana, muryarta na hawa da sauka kamar ta mutum. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ma siririn sauti ne. Kiɗanmu na gargajiya kusan duka a tsakiya yake zaune, tare da murya.

Gyaran bai ɗauki awa biyu ba. Ya tace sautin yadda wufa ba za ta karɓi komai sama da Hz 80 ba, lasifikokin ƙofa kuma aka sauke musu nauyin abin da ke ƙasa da haka. Ya mayar da maɓallin da ke jikin amfilifaya baya sosai, yana cewa mutane na ɗaukarsa maɓallin ƙara murya, alhali aikinsa daidaita abin da rediyo ke aikowa ne. Ya gano lasifika ɗaya da aka juya wa waya, tana turawa lokacin da 'yar'uwarta ke ja. A ƙarshe ya ɗora ƙananan lasifikoki biyu masu siririn sauti a kusurwoyin dashbod, suna fuskantar kunne, maimakon muryar ta riƙa fitowa daga wajen idon sawu. Su ne mafi araha a duk abin da muka saya.

Mun gwada aikin a hanyar Ejura, inda muka je ɗaurin aure. Tsohuwar hanyar fatake ce, ta Mampong, wadda in ka miƙe za ta kai ka Atebubu da Yeji, ka haye ruwa zuwa Salaga, Gwanjar da kakanni ke ambata. Baba ya zaɓi wani tsohon wa'azi kan haƙƙin maƙwabtaka. Muna hawan tudun Mampong malamin ya zo kan karrama baƙi, sai 'yar babbanmu mai shekara tara ta leƙo daga baya ta ce, "Kaka, yaya ake karrama baki? Da abinci?"

Mun yi dariya, amma dariyar da ɗaci a ƙarƙashinta. Hausar zango ta daɗe da sassauta wa waɗannan haruffa. Da yawanmu ba mu raba ƙ da k, ko ɗ da d, kamar yadda muka bar raba namiji da mace a magana, har mutum ya ce matarsa "ya zo". Ba abin kunya ba ne, harshe ne da ya yi zaman kasuwa shekaru aru-aru. Amma yarinyar ba ta taɓa lura cewa kalmomi biyu ne ba. Baba ya sa aka mayar da wurin baya. Wannan ɗan ƙwas ɗin da maƙogwaro ke yi a kan ƙ, wanda tsofaffin lasifikoki ke haɗiyewa, ya fito sarai daga dashbod. Ya juya ya ce, "Amarya, saurara. Baki shi ne wanda kika cika ni da shi tun daga Kumasi. Baƙi kuwa su ne mu yau a Ejura." Daga nan har muka isa tana gwadawa, ƙafa da kafa, ɗaki da daki, yana gyara mata, yana cewa ba zai biya sadakin matar da ba ta iya kiran ƙofa ba.

Ba za mu ce lasifika ta warkar da kunne ba. A wurin ɗaurin auren, cikin hayaniya, mun ga yana gyaɗa kai ga maganganun da bai ji ba, kuma wannan karon babu takardar da ta yage da za mu ɗora wa laifi. Mun yi masa maganar gwajin ji a asibitin Komfo Anokye. Ya ce sai bayan Sallah. Da can in an tayar da zancen tashi yake ya bar wurin, don haka mun karɓi wannan amsar, mun kuma rubuta ranar.

Wufar tana nan a but, an rage mata murya har sai ka kasa kunne kafin ka san da ita, sai fa in autanmu ya ari motar, wanda yanzu ya san inda ake sauke gilashi da inda ake ɗagawa. Ta cinye kusan rabin wurin kaya. Da za mu baro Ejura dangi suka haɗa mana doya da buhun masara, buhun ya shiga da ƙyar, doyar kuwa a cinya muka riƙo ta har gida, Baba yana tambayar ko Masta zai karɓi akwatin ya ba mu canji.