Daga Zangon Kumasi zuwa Bakin Teku

A zamanin kakanninmu, idan Bakano ya ce za shi Gwanja, sai ya yi sallama da iyalinsa sallamar watanni. Ayari ne na jakuna da takarkarai, madugu a gaba, a ɗauki kanwa da fatu da rigunan saƙi, a ƙetare Kwara, a ratsa Borgu har a sauka Salaga, inda goron dajin Asante ke jiran masu saye. Ni kuwa jirgi na hau daga Kano zuwa Legas, daga nan Akra, sannan na shiga doguwar mota zuwa Kumasi, tafiyar kilomita kusan 250. Ba fatauci ya kai ni ba. Abokai na je gani, tunda zumunta a ƙafa take, kuma gaisuwar waya ta daɗe da daina isata.

Wanda ya tarye ni a tasha abokin karatuna ne. Tare muka zauna gaban malami ɗaya a cikin birnin Kano, lokacin da mahaifinsa ya turo shi neman ilimi. Ya ɗauke ni zuwa gidansu a Aboabo ana kiran magariba, kuma tun daga bakin layi na daina jin baƙunci. Masallaci a kowace kwana, yara da alluna, mai shayi, mai tsire, Hausa ta ko'ina. Sai dai Hausar tana da nata ɗanɗano, kuma masu yin ta ba duka Hausawa ba ne. A layin abokina kaɗai akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Wangarawa da Kotokoli, kowa da harshensa a cikin gida, amma da an fito ƙofa Hausa ce ke haɗa su. Da safe aka kawo koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, ga yajin shito a gefe, da dare tuwo da miyar ayoyo.

An kai ni Kejetiya, kasuwar da ke cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, an kuma kai ni fadar Manhiya, mazaunin Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan karaga tun 1999. Duka sun cancanci a gani. Amma inda na fi daɗewa shi ne rumfar goron abokina. Nan na ga yadda ake zazzage goro a tabarma, a tsince mai sankara ɗaya bayan ɗaya don kada ya lalata sauran, a ware fari daban ja daban, a shimfiɗa ganye a ɗaure huhu, a yayyafa ruwa daidai gwargwado. Ya ce mini goro ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya son sakaci, kuma wanda bai iya haƙurin buɗe huhu yana dubawa ba, gara ya nemi wata sana'ar. Wani kason kayansa Agege yake sauka, wani har Mariri a Kano. Jakuna sun tafi, tirela ta zo, amma hannun da ke tsince goron irin na da ne.

Baffansa, dattijo da ya haura tamanin, shi ya ba ni tarihin gidan. Kakansu a Salaga ya zauna, sai yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake suka bazu, wasu Kete Karachi, wasu Akra, nasu daga baya ya dire Kumasi. Da ya zo kan 1969 sai muryarsa ta sauya. A shekarar ne gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar.

"Ɗana," in ji shi, "a layin nan aka haife ni, a nan aka haifi wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi. Shi aka loda shi a mota zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Gidansa ya sayar a kan kuɗin da bai kai na ƙofa ba."

Na ce, "Baba, ya dawo kuwa?"

Ya ce, "Bai dawo ba. Wasiƙa biyu na samu, shi ke nan."

Wannan magana ta zauna mini a rai, saboda abokin da zan je wa a gaba, a Kef Kos, irin wannan rabuwar ce ta raba mu, sai dai daga namu ɓangaren. Mahaifinsa Bafante ne, ɗaya daga cikin ɗimbin malaman Gana da suka koyar a makarantun Najeriya lokacin da kuɗin mai ya yi yawa. Maƙwabtanmu ne a Kano, tare muka yi ƙwallo, tare muka ci ɗumame. A farkon 1983 aka ba da umarnin korar baƙi marasa takardu, mutanen Gana kusan miliyan guda suka kama hanya, su ma suka bi sahu. Sai bayan shekaru masu yawa muka sake gano juna a Facebook.

Hanyar Kumasi zuwa Kef Kos ta fi kilomita 200, kuma kusan duk cikin kore take: gonakin koko, kwakwar manja, ayaba, rogo, mata a bakin titi da tire a ka. Bayan mun ƙetare kogin Pra na sauka a Asin Manso. Akwai wani rafi a wurin da ake tsayar da bayin da aka koro daga arewa, a yi musu wankan ƙarshe, a shafe su da mai don su yi kyan gani kafin a kai su ga masu saye a bakin teku. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu daga zuriyar bayi, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a nan.

A Kef Kos abokina ya tarye ni da Hausar Kano ta wancan zamani, ba ta gurɓata ba ko kaɗan. Mahaifinsa ya rasu, amma mahaifiyarsa tana nan, ta tsufa, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Na miƙa mata tsarabar kuka da daddawa da kilishi, ta sunsuna daddawar ta yi ta hawaye. Kiristoci ne, amma kafin in iso ta aika kasuwar Kotokuraba an sayo sabuwar buta da darduma, ta sa an tambayo mutanen zango inda alƙibla take, kajin da za a dafa mini kuma mahaucin zango ta sa ya yanka. Ban nemi ko ɗaya ba.

Na ce, "Mama, wannan ɗawainiya haka?"

Ta ce, "Uwarka ta ciyar da 'ya'yana shekara nawa? Zauna ka ci."

Washegari muka shiga gidan bayi na Kef Kos. Turawan Suwidin ne suka fara gina shi a 1653, daga baya ya koma hannun Ingila, kuma garin ya zama mazaunin mulkinsu har 1877 da suka koma Akra. Daga waje farin gini ne mai kyau, ga igwa jere suna fuskantar teku. Mai yi mana jagora ya gangara da mu kurkukun maza, ya kashe fitila. Duhu, zafi, wani wari da shekaru ɗari biyu ba su kawar ba, sai 'yar kafa can sama da haske ke leƙowa. A nan ake cusa ɗaruruwan mutane na makonni, a nan suke ci, a nan suke bayan gida. A saman wannan ɗakin kuma majami'ar Turawan take. Daga nan aka bi da mu ta ƙofar da wanda ya fita ba ya dawowa.

Abin da ya fi nauyi a gare ni ba Turawan ba ne, domin laifinsu sananne ne. Da mai jagoran ya ambaci kasuwannin da ake sayo mutanen, Salaga na cikinsu. Salagar da muke alfahari da ita, ta goro da malamai, garin da Alhaji Umaru ya yi zamansa ya yi rubuce-rubuce. A kasuwar nan an sayar da mutane, kuma fatakenmu ba 'yan kallo ba ne. A gida muna ba da labarin madugai da daɗi, muna tsallake wannan shafin. Ina ganin bai kamata mu ci gaba da tsallake shi ba, kuma yaranmu sun isa su ji labarin a cike.

Elmina ba nisa, can ma akwai irin wannan ginin, wanda Turawan Fotugal suka kafa tun 1482. Ban iya sake shiga kurkuku ba, sai muka tsaya kan gada muna kallon masunta. Jiragen katako ne manya, an sassaƙa gindinsu daga itace guda, an yi musu fenti da tutoci kala-kala. Ƙanen abokina yana da ɗaya. Ranar Talata ba a shiga teku a al'adarsu, ita ce ranar ɗinkin koma, don haka muka same shi zaune da zare a hannu. Kukansa ɗaya ne: ƙananan kifayen da talaka ke ci sun ragu, manyan jiragen ƙarfe suna kwashe har 'ya'yan, shi kuwa yakan ƙona mai ya kwana a ruwa ya dawo da abin da bai biya man ba. Duk da haka matarsa ta gasa mana kifi, muka ci da dokunun Fante da barkono, da hannu, iskar teku na kaɗa mu.

Daren da zan tafi, Mama ta sa jikarta ta ɗauko takarda da biro. Ta shiga lissafo matan layinmu na Kano ɗaya bayan ɗaya, mai ƙosai, mai kitso, unguwarzoma, matar liman, kowacce da saƙon gaisuwarta da ƙullin busasshen kifinta. Da na dawo na bi gidajen. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, sai na ba 'ya'yansu. Mai kitson tana nan da ranta, idonta ya tafi amma hankalinta garau. Ta sa na kira mata Kef Kos nan take, ta karɓi wayar, abin da ta fara tambaya shi ne ko ƙaramar yarinyar nan mai yawan kuka in ana mata kitso ta yi aure.